Gawayin da Bai Nuna Ba: Kwana Biyu a Matankari

Zancen ya taso ne a wajen wani taron suna a Maraɗi. Surukin yayana, Ba'are haifaffen Matankari, ya ce shekarun baya an haƙa rijiyar burtsatse, wadda muke kira foraj, a wani ƙauye kusa da garinsu, sai injin ya riƙa amayo baƙin ɓarɓashi kamar dakakken gawayi. Tun daga ranar mutanen wurin suka ƙudurta a ransu cewa irin arzikin man Agadem na nan kwance ƙarƙashin gonakinsu. Da aka zo aka shimfiɗa bututun ɗanyen mai mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jihar Doso ya nufi gaɓar teku a Benin, har aka fara lodin jirgi a 2024, sai maganar ta ƙara kauri. Wasu na cewa gas ne, wasu na cewa fetur, wasu kuma na cewa hukuma ta sani, ɓoyewa take yi. Ya ce har akwai samarin da suka yi sanyi da aikin lambu, suna jiran ranar da kamfani zai zo ɗaukar ma'aikata.

Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya mini a rai. Ina da aboki tun muna 'yan lakwal, wanda ya karanci ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya kuma yi shekaru tare da masu binciken mai. Injiniya muke ce masa. Da na ba shi labari a waya ya ce, "Baƙin abun gaskiya ne, na san shi a takarda. Abin tambaya shi ne ko ya nuna. Shirya mu je, gani ya kori ji."

Mun bar Maraɗi bayan asuba, cikin hunturu, hazo ya lulluɓe gari. Gidan Rumji, Madawa, sai Galmi inda buhunan albasa ke jere bakin gudron. A Malbaza Injiniya ya ce direba ya tsaya. Ya tsallaka kwalbati ya yi ta dube-dube a ƙasa kamar wanda allura ta faɗi masa, ya dawo da farin dutse a tafin hannu. Ya jiƙa shi ya murza da babban yatsa, sai ga siffar katantanwa ta fito sarai da layukanta. Ya ce dabbar teku ce, ta rayu a nan shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa ya kwanta a kan Adar da ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake toyawa a Malbaza a yi siminti, da wanda ake toyawa a Kalambaina kusa da Sakkwato, na zamani ɗaya ne kuma na teku ɗaya, iyaka ce kawai ta bi ta kansu. Kafin wannan tekun ma an yi wani, wanda a cikin lakarsa aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa a yankin Goronyo, har masana suka raɗa mata sunan garin.

"Riƙe dutsen nan a ranka," in ji shi da muka koma mota. "Daga nan zuwa yamma nutsewa yake yi a hankali, wasu shimfiɗu na hawa kansa. Kafin mu kai Dogon Dutsi ya yi nisa ƙarƙashin ƙafafunmu. Baƙin abun mutanen Matankari yana samansa. Ƙanensa ne."

Mun ci abinci a Birnin Ƙonni, muka miƙa. Da la'asar jajayen tsaunukan Dogon Dutsi suka bayyana, Tozon Bijini na tsaye a kan gari. Na sha wucewa ta nan, amma sai ranar na lura da abin da Injiniya ya nuna mini: kawunan tsaunukan duk a baje suke, kusan tsayi ɗaya, kamar an sa wuƙa an shafe su, kowanne da hular marmara. A da fili ɗaya ne shimfiɗaɗɗe. Ruwa ne ya yanka shi, ya buɗe Dallol Mawri, wannan tsohon kogi da ya mutu ya bar faffaɗan kwari mai rairayi, da gawo da goriba, da ruwa kusa da hannu. Injiniya ya ɗaga ido ya kimanta tazarar da ke tsakanin kan tsauni da gindin kwari, ya rubuta a ɗan littafinsa. Na tambaye shi amfaninta. Ya ce ita ce kaurin ƙasar da ruwa ya kwashe, kuma za mu buƙace ta gobe.

Matankari tana arewa da Dutsi, kamar kilomita 15. Ita ce tsohuwar fadar Sarkin Arewa, tun kafin Turawan mulkin mallaka su mai da mazaunin mulki Dogon Dutsi. Ta nan rundunarsu ta Voulet da Chanoine ta bi a watan Afrilun 1899 da ƙone-ƙone da kisa, ta je ta gamu da Sarauniya a Lugu. A ɓangaren Lugun ne kuma dutsen Tunguma yake, wanda a al'adar Aznan Arewa ake kai wa ƙara a yi masa tambaya. Mun isa gab da magariba. Mai masaukinmu ya tarbe mu da fura da nono mai sanyi, aka yi gaishe-gaishe irin na Arawa, mai tsawo, ba gaggawa. Bayan isha ya ce akwai wani tsoho mai haƙar rijiya da ya yi leburanci a wurin foraj ɗin, kuma ya ajiye wani abu.

Da hantsi muka same shi a ƙofar gidansa, ƙarƙashin dalbejiya, yana tufkar igiyar guga. Hannuwansa sun yi kanta kamar bayan kuka. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Baba, mun zo ne kan baƙin abun nan da aka ce kun ajiye."

"To, ɗiyana, ku zamna. Mi za ku yi da shi?"

"So muke mu tambaye shi tarihinsa," in ji Injiniya.

Tsohon ya yi murmushi, ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin madara da aka toshe bakinsa da tsumma. Ya zazzage a kan faifai. Ɓarɓashi ne, mafi girmansu bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, baƙi-baƙi mai sirkin ƙasa-ƙasa, duk ya tsattsage saboda bushewa. "Ran da anka hiddo shi, ruwan injin duk ya koma baƙi. Ni da hannuna na kwashe wanga. Shekara arba'in ina gina rijiya, na san jan laka, na san hwari, na san tama, na san rairai mai ruwa. Wanga ban taɓa gamuwa da shi ba."

Injiniya ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murje ta tsakanin yatsu, ta ruguje, ta bar masa tabo. Ya nemi tsingaro ya goga wata a kai. Layin da ta bari launin makuba ne. Ya ciro ɗan madubin ƙara girma da ke rataye a wuyansa ya duba, ya miƙo mini. Na ga zare-zaren itace a jere, kamar in ka tsaga busasshen kara. Ya miƙa wa tsohon, shi ma ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Icce na!" Aka ɗora 'yan ƙwayoyi a garwashin shayi. Sun daɗe kafin su kama, suka yi hayaƙi mai warin farar wuta, ba harshen wuta na kirki, suka bar toka mai yawa.

"Baba, gaskiyarku, icce ne," in ji Injiniya. "Kwal ne, amma ɗanye. Masana na ce masa linyit."

Ya share ƙasa da gefen hannu ya ɗauki tsinke. Yara da 'yan samari sun riga sun kewaye mu. Ya fara da abin da kowa a wurin ya sani, wato aikin mai gawayi: a tara itace, a lulluɓe da ƙasa don kada iska ta shiga, a bar wuta ta ci a hankali, ruwa da hayaƙi su fita, baƙin ya rage. Ya ce haka ƙasa ke yi, sai dai wutarta ba ta da ƙarfi, kwanakinta kuma miliyoyin shekaru ne. Bayan tekun Malbaza ya janye, shekaru ƙasa da miliyan 50 da suka wuce, wannan yanki ya zama koguna da tafkuna da fadamu masu duhun itace. Ganye da saiwoyi da kututture suka riƙa faɗawa ruwan da ba ya gudu, ba su ruɓe sun ƙare ba, suka taru. Rairayi da laka suka binne su. Nauyi ya matse su, har abin da ya kai kamu goma ya koma wajen kamu ɗaya. Wani Bafaranshe masanin duwatsu, Greigert, da ya bayyana shimfiɗun wannan yanki a 1966, ya kasa waɗanda suka biyo bayan teku gida uku, na tsakiyar kuwa ya kira shi laka da rairayi masu linyit. A Najeriya irin waɗannan shimfiɗu sunan Gwandu suka ci, can ma ana samun linyit a cikinsu.

Wani saurayi ya katse shi: "Malam, to gas ɗin fa?"

Injiniya ya ce yana zuwa. Ya ja dogon layi daga sama zuwa ƙasa. Duk wanda ya taɓa wanka da ruwan foraj mai zurfi ya san da ɗumi yake fitowa, domin cikin ƙasa zafi gare shi. A mafi yawan wurare, kowace kilomita ɗaya da ka nutsa zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Kwal ɗin da aka binne yana bin matakai kamar tuwo a tukunya. Da farko ruwa yake fitarwa, da irin iskar da ke kashe fitila a gindin rijiya. In zafi ya haura digiri 60 zuwa 100 ya fara baƙi sosai, ya yi tauri. Sai ya kai wajen digiri 120 zuwa 150 da sama sannan yake sakin metan da yawa, wadda ita ce mafi rinjaye a iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa. Tan ɗaya na kwal, in ya bi matakan har ƙarshe, yana iya sakin gas fiye da kubik mita 100, wato ninkin girman jikinsa fiye da sau ɗari. Shi ya sa ake ce wa irin wannan shimfiɗa uwar gas.

Sai ya yi lissafin a ƙasa, kowa na gani. Matsakaicin zafin doron ƙasa a Arewa wajen digiri 30 ne. Mu ɗauka baƙin ya fito daga zurfin mita 200. Mu ƙara masa mita 100 na ƙasar da ruwa ya kwashe tsakanin kan tsauni da kwari, har da gyara. Mita 300 ke nan, mafi zurfin da ya taɓa kaiwa. Zafin wurin bai wuce digiri 40 ba. "Ranar watan Afrilu a kasuwar Dutsi ta fi haka zafi," in ji shi. Kafin ya kai digiri 120 sai an binne shi kilomita uku, kafin 150 sai huɗu.

Tsohon ya ce, "Amma an ce mai haƙuri shi ka dafa dutsi. In ya daɗe fa?"

Na ga Injiniya ya gyara zama, domin tambayar ta faɗa daidai inda masana suka daɗe suna kai-kawo. Ya ce wani masani ɗan Tarayyar Sobiyet, Lopatin, ya kawo wata ƙa'ida a 1971, wani Ba'amurke mai suna Waples ya gyara ta ya yaɗa ta a 1980: daɗewa na taimakawa, amma duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin nuna sau biyu. Tsakanin digiri 40 da 140 akwai irin wannan ninki har goma, wato fiye da sau dubu. Abin da zai nuna cikin shekara miliyan 10 a digiri 140, a digiri 40 sai ya nemi shekara biliyan 10, alhali a ƙididdigar masana duniyar kanta ba ta kai biliyan 5 ba. "Baba, ko mai haƙurin sai ya hura wuta a ƙarƙashin tukunyar."

Wurin ya yi tsit. Na ga fuskar saurayin nan ta canza, kuma na ji nauyin abin a ƙirjina, domin ba ƙaramin abu ba ne ka zo garin mutane ka rage musu fata.

Da dare a masauki, da hasken fitilar sola, Injiniya ya buɗe kwamfuta ya nuna mini yadda ake yin wannan lissafi na gaske, irin wanda kamfanonin mai ke yi kafin su zuba kuɗi a rijiya. Na roƙe shi ya bi da ni sannu, kuma ya bi.

Ana farawa da takardar rijiya: kowace shimfiɗa, kaurinta, irin dutsenta, da shekarunta. Sai kwamfuta ta riƙa yaye su daga sama ɗaya bayan ɗaya, tana komawa baya cikin zamani, kamar mai ɗage tabarmin da aka jibga. Duk wadda aka ɗage, sai a bar na ƙasa su kumbura su koma kaurinsu na da, domin sabuwar laka fiye da rabinta ruwa ne, nauyi ne ke matse ta. Inda aka san ruwa ko iska sun kwashe wata shimfiɗa, sai a mai da ita wurinta na tsawon zamanin da ta yi kafin ta tafi. Abin da ke fita zane ne mai layuka masu gangarowa daga hagu zuwa dama, kowane layi tafiyar shimfiɗa ɗaya ce: yaushe ta kwanta, yaushe ta nutse, yaushe ƙasa ta ɗago ta. Wannan shi ne tarihin binnewa.

Sannan a kunna wuta. A faɗa wa kwamfuta yawan zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa a kowane zamani, da zafin sama, da halin kowane dutse. Rairayi da gishiri suna barin zafi ya wuce da sauri. Laka da kwal kuwa bargo ne, suna tsare shi. Daga nan sai ta lissafa zafin da kowace shimfiɗa ta sha tun haihuwarta, da lokacin da ta fara sakin mai ko gas, da yawansa. Lissafin da aka fi amfani da shi yau na wasu Amurkawa biyu ne, Sweeney da Burnham, na 1990, wanda ya fi na Lopatin bin yadda sinadarai ke sauyawa.

Na ce masa ai kwamfuta abin da ka ba ta shi za ta maido maka. Ya ce haka ne, shi ya sa ake neman shaida daga dutsen kansa. A cikin kwal akwai wani ɓangare da asalinsa jikin itace ne, ana kiransa bitrinit. In aka goge shi ya yi sumul, aka ɗiga masa mai, aka haska shi ƙarƙashin madubin bincike, ana auna kashi nawa cikin ɗari na hasken yake maidowa. Ɗanyen kwal ƙyallinsa bai cika wuce 0.4 ba. Daga wajen 0.6 zuwa 1.3 zangon mai ne. Sama da 1.3 gas ke rinjaye, bayan 2 kuwa sai busasshen gas kawai. Abin da ya ba wannan awo daraja shi ne ba ya komawa baya. Tukunyar da aka toya ba ta sake zama yumɓu. Ko ƙasa ta ɗago kwal ta kawo shi sama ya huce, ƙyallinsa na riƙe da mafi tsananin zafin da ya taɓa sha. In lissafin kwamfuta ya saɓa da ƙyallin, lissafin ake gyarawa.

Akwai tarko ɗaya da ya ce yana kama har gwanaye. Binnewa mai zurfi da wuta kaɗan, da binnewa sama-sama da wuta mai ƙarfi, suna iya ba da ƙyalli iri ɗaya. Ba ka raba su sai kana da samfuri daga zurfi daban-daban a rijiya ɗaya, ka ga yadda ƙyallin ke ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa, ka haɗa da zafin da aka auna a gindin rijiyar. Ƙwaya ɗaya ba ta ba da tarihi. A game da Matankari dai, ya ce, launin makuba da zaren itacen da muka gani da idonmu sun riga sun yanke hukunci. Ya shigar da kimantawarsa, layin shimfiɗar ya ɗan gangara kaɗan ya miƙe, bai ko kusanci launin da ke nuna zangon mai ba.

Ya buɗe mini wani zanen don in ga bambanci. A ƙasar Holan, kwal na zamanin da ya haura shekaru miliyan 300 ya nutse kilomita da yawa, ya dahu, gas ɗinsa ya hau ya shiga dutsen rairayi mai ƙofofi, gishiri mai kauri ya rufe shi ta sama. Shi ne filin Groningen da aka gano a 1959, wanda ya ɗumama gidajen Turai shekaru sittin, har girgizar ƙasar da haƙarsa ta jawo ta sa aka dakatar da shi a 2023. A Sin ma babban filin Sulige daga kwal gas ɗinsa ya fito. Ko'ina sai abu uku sun haɗu, uwa da rumbu da murfi, kuma sai rumbun da murfin sun riga gas ɗin zuwa, in ba haka ba ya tsere sama tun ba a halicci mai nemansa ba. Ranar da gas ya tashi, ita ma daga wannan zanen ake karanta ta.

Agadem fa? Ya ce can ƙasa ce ta tsage, a zamanin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, fiye da shekaru miliyan 100 baya. Tsagar ta zama rami mai zurfi, ta cika da shimfiɗun da kaurinsu ya haura kilomita 10 a wasu wurare. Tukunya ce mai zurfi, shi ya sa ta dafa man da aka fara haƙowa a 2011 ana tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram. Kwarin Binuwai da Gongola a Najeriya, inda ake neman mai da gas a Kolmani, dangin wannan tsaga ne. Mu kuwa nan muna cikin abin da masana ke kira kwarin Iwillimmidan, da sunan Abzinawan yankin. Faɗi gare shi, ya haɗa Mali da Nijar da Najeriya da Benin, amma kasko ne: shimfiɗunsa ba su cika wuce kilomita biyu ba ko inda suka fi kauri, a ƙarƙashin Arewa kuwa ba su kai haka ba.

Kada a ce ɗanyen kwal ba shi da amfani. A Salkadamna, arewa maso yamma da Tawa, an gano irinsa mai yawa, wajen tan miliyan 70, har aka aza harsashin tashar lantarki a 2014. A Anu Araren kusa da Cirozerin kuwa, tsohon kwal mai shekaru fiye da miliyan 300 ne kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, ke ƙonawa tun farkon shekarun 1980 yana ba Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta. Amma can kauri da yawa ne suka sa ake kula su. Na nan, a faɗar Injiniya, siraran shimfiɗu ne cikin laka, ƙarƙashin ruwan sha. Ya kuma ƙara wata gaskiya da bai ɓoye ba: ƙananan halittu na iya cin ɗanyen kwal su fitar da metan ba tare da zafi ba, kuma a kwarin Powder River na Amurka an yi kasuwanci da irin wannan gas. Sai dai kwal ɗin can kaurinsa na kai mita gommai. Abin da za a iya samu a nan ɗan kaɗan ne, wanda ba zai cika bututu ba amma zai iya cutar da mai shiga rijiya.

Washegari muka koma yi wa tsohon sallama. Injiniya ya roƙe shi ya gaya wa yaransa masu gina rijiya su daina gwada iskar gindi da fitila mai harshe kawai, su riƙa kaɗa iska sosai kafin mutum ya sauka, in sun ji warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa su fito nan take. Tsohon ya ce ya binne abokan aiki biyu da iskar rijiya ta kashe, ba sai an faɗa masa sau biyu ba. Daga nan ya kama hannuna ya kai mu bayan gari, inda wani lambu ke shan ruwan foraj. Dankalin turawa ya yi kore shar, ga albasa, ga zogale, mata na cika bokitai. Ya sa hannu a bakin bututun ya ce, "Ni tun hwarko wanga na ɗauka shi ne abin da anka ba mu."

Injiniya ya tabbatar masa. Rairayin da bai nutse ya dahu ba, shi ne bai toshe ba, ƙofofinsa na nan a buɗe cike da ruwa. A ƙarƙashin Dallol Mawri ruwa hawa-hawa ne, na kusa da na nesa, kuma a kudancin kwarin akwai rijiyoyi masu zurfi da ruwansu ke tunkuɗo kansa sama ba injin. Na nesan tsohon ruwa ne, wanda ya taru tun zamanin da damina ta fi ta yanzu albarka, kuma Nijar da Najeriya da Mali duk daga kasko ɗaya suke ɗiba. A ganina, saurayin da ya bar wannan ya zauna jiran kamfanin gas an cuce shi, kuma wanda ya cuce shi shi ne duk wanda ya san amsar bai zo ya faɗa masa da Hausa ba.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai a tafiyar. Da Injiniya ya tambayi zurfin da baƙin ya fito, ba wanda ya sani. Masu haƙar sun gama, sun naɗe kayansu, sun bar ɓarɓashin a zube ruwan sama ya wanke, ba su bar wa garin ko kwafin takardar rijiyar ba. Rami ne da aka kashe miliyoyi a kansa, ya ratsa tarihin shekaru miliyoyi, abin da ya tsira daga ciki gwangwanin madara ɗaya ne a ɗakin tsoho. Kafin mu tashi Injiniya ya raba ɓarɓashin biyu da izininsa, ya ƙulle rabi a leda don a auna ƙyallinsa, ya rubuta sunan ƙauyen a takarda ya liƙa. Gurbin zurfi ya bar shi fari.

Don haka ina kira ga magadan gari da hakimai da masu unguwanni na Matankari da Dutsi da Tibiri da Kore Mai Ruwa, da malaman lakwal da ɗalibansu. In an zo haƙa foraj a garinku, ku sa a cikin sharaɗi tun farko: a ɗebi ɓarɓashi kowace 'yar tazara, a shanya, a ƙulle a leda, a rubuta zurfinsa a jiki, a auna zafin ruwan ranar da ya fito, a bar kwafin takardar rijiyar a ofishin magajin gari, a aika wani jami'a. Leda da alƙalami da ma'aunin zafi ne kawai kuɗin abin. Ku sa yaro ɗaya mai karatu ya tsaya a bakin ramin daga ranar farko har ranar da ruwa ya fito.